Ƙwayar barcin Goggo: fashin baƙi kan D5 da danginta

A bayan keke aka kawo Goggo asibiti, haƙora a datse, kumfa a gefen baki, ƙafafu sai karkarwa suke yi. Ƙanwar mahaifina ce, shekarunta sittin da 'yan kai, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa yin farfaɗiya ba. Cikin 'yan rakiya wasu suka ce iska ce, domin kwana uku ke nan ba ta runtsa ba, tana firgita, tana cewa ƙasa na motsi a ƙarƙashinta, ƙarar cokali a kwano ma sai ta toshe kunne. Wasu suka ce jininta ne ya hau. Aka yi mata allura, jijjigar ta lafa. Da likita ya fito sai ya tambayi babban ɗanta, Hamma, ko akwai maganin da take sha kullum.

Hamma ya ce, "Babu, likita, sai na hawan jini. Da akwai wata 'yar ƙwaya rawaya ta barci, amma na raba ta da ita. Yau kwana takwas da na tattara su na zuba a masai."

Likita ya ce, "Tun yaushe take sha?"

Aka yi shiru, babu wanda ya sani. Sai washegari da ta dawo hayyacinta ta faɗa mana da bakinta: shekara shida.

Ni ma'aikacin jinya ne a nan Gombe. Na fi shekara goma ina miƙa wa marasa lafiya wannan magani da hannuna, kuma duk Juma'a sai na je Jekadafari gaishe ta, amma ban taɓa sanin tana sha ba. Abin yana ci mini rai har yau, shi ne ma ya sa na zauna rubuta wannan bayani. Domin allurar da ta tsayar da jijjigar Goggo, da ƙwayar da rashinta ya jawo jijjigar, magani ɗaya ne.

A takaba ta fara. Mijinta ya rasu, barci ya ƙaurace mata, sai wata maƙwabciya da ta zo gaisuwa ta kwance bakin zani ta ba ta ƙwaya ɗaya, ta ce, "Hajiya, sha wannan, za ki samu ki ɗan huta." Da zuciya ɗaya ta ba ta, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A daren Goggo ta yi barcin da ta kwana ashirin ba ta yi ba. Daga nan sai ta riƙa aiken jika kemis ɗin bakin layi da fankon katin, mai kemis kuwa bai taɓa tambayar takardar likita ba. Wata huɗu da kwana goma suka cika, ta fita takaba, ƙwaya ta zauna. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma uku, da rana kuma in gabanta ya faɗi sai ta ɓalli rabi.

Sunan maganin dayazifam. A jikin kwali za ka ga an rubuta Diazepam, ko Valium in na kamfanin da ya fara yin sa ne. A gari D5 ake ce masa, saboda ƙwayar miligiram 5 ce ta fi yawo, ko da yake akwai ta miligiram 2 da ta 10. Sau da yawa ta 5 ɗin rawaya ce, amma kada a dogara da launi, kowane kamfani da irin nasa. Yana da dangi, ana kiran gidansu benzodayazifin. Cikinsu akwai Lexotan, wanda manyan mata da ma'aikatan ofis suka fi sani, da Ativan, da kuma Rohypnol, wanda samari ke kira rochi. Sun bambanta a ƙarfi da daɗewa a jiki, amma aikinsu a ƙwaƙwalwa iri ɗaya ne, don haka kusan duk abin da zan faɗa a kan D5 ya shafe su.

Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Leo Sternbach ne ya gano wannan gida a reshen kamfanin Roche na Amurka. Na farkonsu, Librium, ya shiga kasuwa a 1960, Valium ya biyo baya a 1963. Kafin su, magungunan barcin da ake da su ƙari kaɗan kan kai mutum lahira, sai ga sabon magani da ya fi su aminci nesa ba kusa ba. Likitoci suka riƙa rubuta shi hannu sake, har Valium ya zama maganin da aka fi sayarwa a Amurka a shekarun 1970. Sai da aka kwashe shekaru kusan ashirin sannan aka farga cewa ɗimbin mutane sun kasa rabuwa da shi. A 1988 hukumar kula da amincin magunguna ta Birtaniya ta ba likitoci shawarar kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana ba da shi don damuwa, kuma sai damuwar ta yi tsanani. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta tilasta a ƙarfafa babban gargaɗin da ke jikin duk magungunan wannan gida game da sabo da haɗarin dainawa kwatsam. Wato hanyar da muke kai yanzu wasu sun bi ta, sun ga inda take ɓullewa.

Ga yadda yake aiki. Ƙwaƙwalwa tana da totur tana da burki. Akwai sinadaran da ke zaburar da jijiyoyinta, akwai masu lafar da su, babban mai lafarwar shi ne wanda ake kira GABA. Dayazifam yana manne wa wurin da wannan sinadari ke sauka a jikin jijiya, sai ya sa burkin ya riƙa kamawa da ƙarfi fiye da yadda ya saba. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da haɗiye shi sai faɗuwar gaba ta lafa, tsokoki su saki, ido ya yi nauyi. Burkin nan kuwa ba a wuri ɗaya yake ba, yana ko'ina a ƙwaƙwalwa: a inda tsoro ke tasowa, a inda ake adana abin da ya faru, a inda ake daidaita tafiya, har da inda ke kula da numfashi. Maganin ba ya zaɓe. Daga nan amfaninsa ya fito, daga nan kuma illarsa.

Amfaninsa a asibiti babba ne, ba na so kowa ya karanta wannan ya tafi da tunanin cewa guba ce. Yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a rasa su a kowace ƙasa. Da damina, in zazzaɓin cizon sauro ya tsananta, aka shigo da yaro yana jijjiga ta haura minti biyar ba ta tsaya ba, shi muke ba shi ta jijiya ko ta dubura, kuma na sha ganin yaron da ya sandare ya saki jiki cikin 'yan mintoci, uwa ta fashe da kukan godiya. Mai ciwon sarƙe-haƙora, wanda ƙusa mai tsatsa ko yankan cibiya da reza mara tsabta kan jawo, da shi ake sassauta masa tsokoki. Ana ba da shi kafin tiyata don a kwantar wa mutum hankali, ana ba mashayin giya da ya daina kwatsam yana karkarwa yana gane-gane. A da har jijjigar masu ciki da shi ake tarewa, amma wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 1995 ya nuna magniziyam salfet ya fi shi, shi ya sa yanzu wancan ake nema a ɗakin haihuwa. Duk waɗannan ayyuka na awoyi ne ko kwanaki, kuma akwai ma'aikaci a tsaye yana ƙirga numfashin mara lafiya.

Damuwa da rashin barci su ne inda ake samun matsala, domin su ba sa ƙarewa a kwana uku. Ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne mata burki kullum ta zuba ido. In aka yi makonni ana sha, sai ta fara rage kaifin burkin nata, ta ƙara wa totur wuta, don ta dawo daidai. Shi ya sa ƙwayar da ke kwantar da Goggo a watan farko ta daina kwantar da ita a wata na uku. A ɓangaren barci wannan sabo yana zuwa da wuri, cikin 'yan makonni. Barcin ma ba irin na Allah da Annabi ba ne, domin maganin na rage barci mai nauyi wanda jiki ke hutawa a cikinsa, sai mutum ya kwana awa takwas ya tashi kamar an yi masa duka. Bayan an daɗe, damuwar da mutum ke ji da yamma sau da yawa ba tsohuwar damuwarsa ba ce, jikinsa ne ke neman ƙwaya. Ya sha ya ji sauƙi, sai ya ƙara gaskata cewa ba zai rayu ba tare da ita ba. Ni a wurina kamar bashi ne da ruwa: kwanciyar hankalin yau ana ciro ta ne daga ta gobe.

Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne daɗewarsa a jiki. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu da sha, rabinsa ne kawai ya fita. Hanta kuma tana juya shi zuwa wani sinadari da ke ci gaba da aikin, wanda ya fi shi daɗewa, yakan kai kwana huɗu ko fiye kafin rabinsa ya tafi. Mai sha kowane dare, na jiya bai fita ba na yau ya hau kai. Direban da ya sha ranar Lahadi da dare don ya samu barci, ya tashi Litinin ya ɗauko siminti daga Ashaka, ko ya kama hanyar Kaltungo da fasinja goma sha takwas, maganin na nan a jininsa. Shi ba zai ji maye ba, amma tsakanin ganin akuya ta faɗo titi da taka burki an samu ɗan jinkirin da bai sani ba. Haka mai keke, haka ɗan acaɓa, haka mai injin niƙa da mai hawa gini.

Ga tsofaffi abin ya fi muni. Likitoci suna da wani kiyasi: awoyin da rabin dayazifam ke ɗauka kafin ya bar jiki sun yi kusa da yawan shekarun mutum, ɗan shekara 20 kamar awa 20, ɗan 80 kamar awa 80 ko sama. Tsohuwa ta tashi da asuba cikin magagi za ta yi alwala, ƙafa ta goce a bakin rijiya ko a santsin makewayi, ƙashin ƙugu ya karye, kuma mun san tsoho in ya kwanta da karayar ƙugu da wuya ya sake miƙewa kamar da. Da muka zauna muna tuna baya, sai muka ga Goggo ta faɗi sau biyu a shekarun nan, duk muka ce tsufa ne. Takan ba ka labari da safe ta maimaita da la'asar, takan ajiye kuɗin adashi ta manta inda ta sa, muka ce rikicin tsufa ya fara. Ashe maganin ne, domin yana hana ƙwaƙwalwa riƙe abin da ya faru bayan an sha shi. Wannan mantuwa ce ma ta sa mugaye ke jefa irin waɗannan ƙwayoyi, musamman rochi, a lemo ko shayin wanda suke so su cuta. Sauran illolin su ne jiri, tangaɗi, nauyin harshe, kasala, da mutuwar zuciya. Akwai kuma waɗanda yake yi musu akasin abin da ake nema, yara da tsofaffi sun fi shiga ciki: maimakon su kwanta sai su birkice, su yi ta faɗa da zage-zage.

Shi kaɗai, ta baki, a jikin mai lafiya, ba kasafai yake kisa ba. Haɗi ne ke kisa. Giya, tiramadol, maganin tari mai kodin, allurar kashe zafi irin fentazosin, kowannensu yana danne numfashi ta tasa hanyar, in suka haɗu da D5 sai nauyin ya ninka. Tun 2016 hukumar FDA ta sa gargaɗi mafi girma a kan haɗa wannan gida da dangin kodin da tiramadol. Yaran da ake kawo mana daga majalisar dare kusan duk haɗi ne: an zuba a kwalbar lemo, an jefa ƙwayoyi biyu ko uku iri daban-daban, an girgiza. Abokai su ga ya ɓingire yana wani irin minshari mai gurnani, su ce barci yake a bar shi ya huce. Wannan minsharin na maƙogwaron da ya saki ne, iska ba ta wucewa sosai. In ka ga mutum ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashinsa ya yi jinkiri, leɓɓa ko farce sun yi duhu, ka kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa domin huhu za su tafi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da duk kwalba da katin da aka gani kusa da shi. Kada tsoron tonon asiri ya sa a ɓoye wa likita abin da aka sha. Akwai allurar da ke karya aikin dayazifam, fulumazenil, amma ba ko'ina ake samunta ba, kuma ga wanda ya daɗe yana sha ita kanta tana iya tayar da jijjiga, don haka abin da ya fi ceton rai shi ne a taimaka wa numfashi a kan lokaci.

Akwai waɗanda ko a asibiti sai an yi taka-tsantsan da su: mai ciwon huhu ko asma mai tsanani, mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, mai ciwon hanta, mai wata cutar raunin tsoka da ke sa fatar ido zubowa, da mai wani nau'in hawan jinin ido. Mai ciki in ta riƙa sha kusa da haihuwa, jaririn kan zo jiki a sake, ba ya kama nono, numfashi da ƙyar, ko kuma bayan kwanaki ya shiga karkarwa da kukan da ba ya tsayawa. Yana kuma bi ta nono. Wanda ke ɓallar ƙwayar nan ya jiƙa wa yaro don ya yi shiru da dare, ya ji tsoron Allah ya bari.

A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun yi babban bincike a Najeriya, aka fitar da shi a farkon 2019. Ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a shekarar da ta gabata, ɗaya cikin huɗu mace ce, kuma kusan dubu 481 magungunan barci da kwantar da hankali suke sha ba bisa ƙa'ida ba. Wajen amfani da abin maye gaba ɗaya, Jihar Gombe ce ta fi kowace jiha a Arewa maso Gabas, kusan mutum ɗaya cikin biyar. A ganina ma adadin masu shan ƙwayar barci ya fi haka, domin da an tambayi Goggo ko tana shan ƙwaya, da rantsuwa za ta yi cewa a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba a zuciyarta. Ita magani take sha. In aka ce ɗan ƙwaya, hankalinmu kan tafi wurin saurayi mai jan ido a tasha. Ba ma tuna bazawara, ko matar da aka yi wa kishiya, ko ɗan kasuwar da bashi ya hana shi barci, ko waɗanda suka baro Borno da Yobe suka zauna cikinmu da abin da idonsu ya gani.

A doka, dayazifam maganin takardar likita ne, kuma kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna ne kaɗai zai bayar. Lasisin mai kemis na unguwa, wanda hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, ke bayarwa, bai ba shi izinin ajiye shi ba, balle mai tallar magani a faranti ko a mota ranar kasuwa. Ina da abokai masu kemis, mutanen kirki, kuma na san wani yakan ba da ne don tausayin tsohuwar da ta zo tana roƙo. Amma shekara shida ana miƙa wa jika ƙwaya ba a taɓa cewa a kai kakarsa ta ga likita ba, wannan ya wuce tausayi.

Na dawo kan Hamma, domin kuskurensa shi ne wanda na fi tsoron a maimaita. Ya shiga ɗakinta neman wata takarda, ya ga katuna cike da gwangwanin alewa, wani ya gaya masa ai wannan ita ce D5 ta 'yan shaye-shaye. Kunya da ɓacin rai suka kama shi, ya kwashe ya zubar, ya je ya ja wa mai kemis kunne. Duk wanda ke ƙaunar uwarsa abin da zai fara zuwa masa ke nan. Amma ka tuna ƙwaƙwalwar da ta shekara shida tana sassauta burkinta tana ƙara wuta. Duk wanda ya san gangaren shigowa Gombe ta hanyar Bauchi ya san abin da ke faruwa in burki ya tsinke wa babbar mota da kaya. Kwanakin farko ba a ga komai ba, har Hamma yana murna, saboda maganin da ya taru a jikinta bai gama fita ba. A kwana na biyar abin ya fara: rashin barci gaba ɗaya, gumi, rawar hannu, bugun zuciya, tsoron da ba shi da dalili, haske da ƙara suna yi mata zafi. Aka kira malami ya yi ruƙiya, aka yi hayaƙi. A kwana na takwas ta faɗi. Irin wannan jijjiga tana iya kisa. Garin neman gira saura kaɗan a rasa ido.

Ya kamata a raba abu biyu da muke haɗawa. Akwai jarabar shaye-shaye, inda mutum ke bin ƙwaya don maye, yana ƙarya yana sata saboda ita. Akwai kuma sabon jiki, wanda ke iya kama kowa da ya wuce 'yan makonni yana sha kullum, ko limami ne, ko likita ne ya rubuta masa, ko bai taɓa ƙara ko rabin ƙwaya ba. Na biyun ba laifi ba ne, ba raunin imani ba ne, canji ne da ya faru a jijiyoyi, kuma jijiyoyin suna komawa daidai in aka ba su lokaci. Hanyar ita ce ragewa kaɗan-kaɗan a hannun likita, yawanci kashi ɗaya cikin goma na abin da ake sha ko ƙasa da haka, duk mako ɗaya zuwa biyu. In jiki ya yi tsanani a tsaya a matakin a huta, ba a komawa sama, ba a kuma gaggawa. Wata likita a Newcastle ta Ingila, Farfesa Heather Ashton, ta shekara goma sha biyu daga 1982 zuwa 1994 tana kula da masu son rabuwa da waɗannan ƙwayoyi, kuma tsarin da ta bi ya nuna mafi yawansu suna rabuwa lafiya in aka bar mara lafiya ya tafi da saurin da jikinsa zai ɗauka. Masu shan Ativan ko Lexotan ma sau da yawa dayazifam ake mayar da su a kai tukuna, saboda daɗewarsa a jiki tana sa saukar ta zo da laushi, ga kuma ƙaramar ƙwayar miligiram 2 da ake iya rabawa. Abin kan ɗauki watanni, wani har shekara. Sannu ba ta hana zuwa. Matakan ƙarshe sun fi wuya, a nan ne mutum ya fi bukatar 'yan uwa su daina yi masa gori.

Ragewar kuma ba ta isa ba in ba a taɓa abin da ya kawo rashin barcin ba. Wani faɗuwar gabansa daga maƙoƙo mai yawan aiki take, wani ƙarancin jini ne, wani goro ne da shayi mai kauri bayan isha'i da lemon ƙara kuzari. Wani kuma ciwon damuwa ne na gaske, wanda ke da magungunansa irin satralin da fuluwoksetin. Su ba sa aiki a daren farko, sai an yi mako biyu zuwa shida, shi ya sa mutane ke yar da su su koma wa D5 mai saurin biya, alhali su ne ke maganin tushen. Akwai kuma zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke tayar masa da hankali da yadda zai tare shi, da gyaran tsarin kwanciya. Ana samun likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, da na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Na san abin da ke hana mutane zuwa: kada a ce an kai wance asibitin mahaukata. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin mara lafiya da sirrinsa, amma kunyar da ke cikin gidajenmu mu ne za mu cire ta. Addu'a da azkar suna da gurbinsu, Goggo ba ta taɓa barin su ba, kuma malamin da ya yi mata ruƙiya shi ne daga baya ya riƙa tambayar Hamma ko an je ganin likita a wannan watan.

Kafin a sallame ta likita ya mayar da ita kan maganin, abin da ya ɗaure wa Hamma kai ƙwarai. Ya ce, "Likita, abin da ya kusa kashe ta za a sake ba ta?" Likita ya zaunar da shi ya zana masa matakala a bayan katin asibiti. Tun daga ranar ƙwayoyin suna hannun Hamma, kullum bayan isha'i yakan taso daga Tumfure ya kai mata na daren, ya zauna su yi hira har ta fara hamma. Sau biyu aka dakata: da azumi, da kuma lokacin da yayarta ta rasu a Kumo. Wata goma sha ɗaya aka yi kafin a kai ga rubu'in ƙaramar ƙwaya, sannan aka daina. Har yanzu akwai daren da barci ke yi mata gardama, takan tashi ta ja carbi har ya zo. Amma tafiyarta ta miƙe, ta koma riƙe lissafin adashin unguwa da ka.

Makon jiya da na je gaishe ta, ta sallami jikoki ta jawo ni kusa, ta ce, "Ɗan nan, Hajiyar da ta ba ni tun farko, har yanzu tana sha, huɗu take sha yanzu. 'Ya'yanta ba su sani ba, kuma ina tsoron ranar da za su sani su yi mata irin ta yayanka." Mun shirya ranar Talata zan karɓar musu kati da sassafe, Goggo ce za ta raka ta.